Mabuɗin Ɗakin Dogo

Zuwa ga ɗiyata Lauya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan da sauƙi. Gwiwar nan dai ta sa ni gaba. Likita ya ce in rage tsayuwa a shago, na ce masa to ya zo ya riƙa auna wa mutane yadin. Auta yana gaishe ki, yana nan yana fama da motar ɗaukar kayansa.

Ban buga miki waya ba, don an ce a irin wannan magana waya kunne gare ta. Direban da ke zuwa wajenku zai kawo miki wannan, shi za ki ba amsa.

Ki yi haƙuri da abin da za ki ji. 'Yan sanda sun tafi da ƙanenki Dogo.

Da hantsi suka zo, ya riga ya fita wajen aikin haɗa wuta a wani sabon gini. Suka shiga ɗakinsa, wannan na bakin ƙofa, suka ɗaga katifa, suka zazzage akwatinsa a ƙasa. A ƙarƙashin gado suka jawo buhuna cike da sababbin wayoyin lantarki a naɗe, da tambarin wani sito da aka fasa watan jiya. Daga nan suka bi shi wurin aiki. An ce yana kan tsani suka sauko da shi, suka sa masa ankwa a gaban abokan aikinsa. Na je na gan shi. Ya yi zuru-zuru, yana ta rantsuwa cewa bai taɓa ganin buhunan ba. An kai shi kotu, an hana beli, an ce laifinsa karɓar kayan sata. In abin ya tabbata, ɗauri ne.

Kin san tun da mahaifinku ya rasu yaron nan yake gidana, ban taɓa bambanta shi da ɗana Auta ba. Yau maƙwabta suna leƙena ta taga kamar ni na fasa siton.

Tun kina 'yar mitsitsiya muke kiranki Lauya saboda bakinki ba ya mutuwa, ga shi har kin je kina karantar abin. To yau ga ranarki. Ki yi mini bayani dalla-dalla, da irin maganar da tsohuwa za ta gane. Mene ne wannan laifin? Kuma haka kawai ake faɗa wa mutum ɗaki ba ya nan?

Gwaggonki

*

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da gwiwa. Ni lafiyata ƙalau, sai dai tun da na karanta wasiƙarki abinci ya ƙi shiga. Dogo da ko ragowar waya a wurin aiki ba ya ɗaukowa sai ya tambaya! Da so samu ne da yau na kamo hanya, amma mun shiga jarrabawar ƙarshe, wanda ya tsallake takarda ɗaya sai ya maimaita shekara. Ki karanta wannan a hankali, in ya yi miki nauyi ki sake karantawa.

A doka, laifi ƙafa biyu gare shi: abin da mutum ya aikata, da abin da ya sani ko ya yi niyya lokacin da yake aikatawa. In ƙafa ɗaya ta karye, laifin ba ya tsayawa. A karɓar kayan sata, sai mai gabatar da ƙara ya nuna wa alƙali cewa kayan na sata ne, cewa suna hannun Dogo, da kuma cewa Dogo ya san na sata ne. A hannunsa ba yana nufin a tafinsa ba, yana nufin a wurin da shi ke da iko da shi. Kuma ba aikin Dogo ba ne ya wanke kansa. Su da suka kawo shi, su za su kawo hujja.

Batun ɗaki kuwa, a'a, ba haka kawai ake faɗa wa mutum ba. Kundin tsarin mulki ya kare gidan mutum da sirrinsa. Kafin ɗan sanda ya yi bincike, sai ya samo takardar izini daga alƙali, wadda ta faɗi wurin da za a shiga da abin da ake nema. Ana ɗaga ƙafa a wasu wurare kaɗan, kamar in suna bin mai laifi ya faɗa gida a guje, ko in ana shirin lalata shaida a gabansu. Sai kuma in wani mai iko da wurin ya ce musu su shiga da yardarsa. In babu ko ɗaya daga ciki, lauya zai roƙi alƙali ya ƙi karɓar abin da aka samo. Ba kowane alƙali ke yarda ba, amma ƙofa ce babba.

Don haka, Gwaggo, ki amsa mini waɗannan, kada ki tsallake ko ɗaya. Sun nuna takarda? Wa ya buɗe musu ɗakin? Ban da Dogo, wa ke shiga, wa ke ajiya a ciki? Ni dai rabona da gida kwaɗon ƙofar nan a lalace yake, kowa turawa yake yi.

Ki gaya wa Dogo kada ya sa hannu a wata takarda sai lauyan da kotu ta ba shi yana wurin. Ki ce masa ina tafe da zarar na ajiye biro.

Ɗiyarki

*

Ɗiyata Lauya,

Na gaishe ki. Kin ji ni shiru, zazzaɓi ne ya kwantar da ni, sannan direban ma ya yi tafiya wani wajen. Yanzu na miƙe, Alhamdu lillahi.

Na karanta takardarki a hankali kamar yadda kika umarta, har sau biyu, kuma kaina bai fashe ba. Ashe dai ba a banza kike can ba.

Kin jero mini tambayoyi kamar ni ce a gaban alƙalin. To, takarda dai ban ga sun nuna ba. Sun yi sallama, suka ce suna so su duba ɗakin mai gyaran wuta. Ni mace ce ni kaɗai a gida, ga maza da bindiga a tsaye. Me kike so in yi? Na ce bismillah, na tura musu ƙofa. Kwaɗon yana nan yadda kika bar shi. Ɗakin kuwa kin san halin gidan nan, na bakin ƙofa ne, duk wanda ya shigo da kaya mai nauyi nan yake saukewa. Ni ina ajiye bandir ɗin yadi a ciki. Auta ma in ya dawo da ragowar kayan mutane da bai samu kai musu ba, yakan tura su nan zuwa gobe.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Mai gabatar da ƙara ya aiko, wai ni ce shaidarsu, zan tsaya a kotu in yi rantsuwa. Ni da ban taɓa taka ko harabar kotu ba! An ce mutanen nan sun iya juya magana, ka ce fari su rubuta baƙi. Ni kuma bakina ba shi da linzami, in na tsorata sai in yi ta zuba. Ina tsoron in faɗi wata kalma da za ta rufe yaron nan a ciki, in mutu da baƙin ciki.

Don Allah ki rubuto mini abin da mutumin nan yake son ji daga bakina, filla-filla, don in san ramin in kauce masa.

Na kai wa Dogo abinci da sabulu. Ya rame. Ya ce in gaya miki kada ki bar jarrabawarki saboda shi, ya san kina tsaye a kan maganarsa.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Na ji daɗi da kika gaya mini gaskiya. Kada ki zargi kanki a kan ƙofar, ko ni ce a wurin da na buɗe musu.

Amma dole in faɗa miki, ƙofar da na ce babba ce ta kusa rufewa. Tun da gidanki ne, kina ajiya a ɗakin, kuma ke kika ce su shiga, alƙali zai iya cewa da yardar mai iko aka yi binciken. Sai dai abin da ya rufe wannan ƙofar shi ya buɗe wata wadda ta fi ta. Ɗakin da ba ya kulluwa, mutum uku suna ajiya a ciki, ta yaya za a ce abin da ke ƙarƙashin gado na mutum ɗaya ne? Ta yaya za a ce ya san da shi? Gaskiyarki kaɗai ta isa ta fito da Dogo. Ba sai kin ƙara ko gishiri ba.

A makaranta ba a yarda mu rubuta ɓangarenmu kaɗai ba. Malaminmu yakan ce sai ka zauna a kujerar abokin gaba, ka gina masa ƙararsa da hannunka har ta fi wadda zai gina wa kansa, sannan ka san inda za ka tsaya. Ni ce nake fin kowa maki a wannan. To ga shi na yi miki.

Abu uku mai gabatar da ƙara yake nema a bakinki. Na farko, ki ce gidanki ne, kina da mabuɗi, kina shiga ki yi shara duk lokacin da kika so. Wannan zai halatta binciken. Na biyu, ki ce duk da haka ba wanda ke ajiye ko allura a ɗakin sai Dogo. Wannan zai sa kayan a hannunsa. Na uku shi ne mafi muni: ki ce ya taɓa hana ki taɓa buhunan, ko ya ce kada ki gaya wa kowa. Mai ɓoye abu ya san abin da yake ɓoyewa, nan sanin ya tabbata. In ya samu ukun nan a jere, ko lauyan da ya fi kowa a duniya ba zai iya komai ba. Zai zagayo ta nan, ya zagayo ta can, yana murmushi yana kiranki Mama. Duk inda kika ji ya nufi ɗayansu, ki ce ba haka ba ne, ki faɗi yadda gidan yake.

In kin ambaci cewa Auta yana sauke kaya a ɗakin, za su kira shi su yi masa tambayoyi, wataƙila su duba inda motarsa ta je watan jiya. Wannan ba komai ba ne, in dai ba shi da abin ɓoyewa. Ki gaya masa ya shirya.

Ranar zaman kotun ta faɗo kan takardata ta ƙarshe. Na yi kuka, amma hankalina a kwance yake tun da ke ce a wurin.

Ɗiyarki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ban san ko kina lafiya ba, tun da wasiƙa biyu na aiko babu amsa, wayarki kuma kullum a kashe. Direba ya ce hannu da hannu ya ba ki.

Jiya na samu lauyan Dogo. Da farko ya ƙi sakin jiki da ni, sai da na matsa sannan ya karanta mini abin da aka rubuta daga bakinki a kotu.

"Gidana ne, ina da mabuɗi, ina shiga in yi shara duk lokacin da na so."

"Ba wanda ke ajiye ko allura a ɗakin sai shi."

"Ya taɓa hana ni taɓa buhunan, ya ce kada in gaya wa kowa."

Ko allurar ba ki canza ba, Gwaggo. Allurata ce, ni na rubuta ta. Lauyan ya ce ya daɗe yana wannan aiki bai ga shaidar da ta zo a shirye haka ba, ko tuntuɓe ba ki yi ba. Ya ce da ya tashi ya tambaye ki batun kwaɗo, kika ce lafiyarsa ƙalau, aka je aka duba aka tarar da sabo fil a ƙofar. Ya ce Dogo bai ɗaga kai ba har aka yanke masa shekara uku.

Wane mabuɗi? Yaushe ɗakin nan ya taɓa yin mabuɗi? Ina bandir ɗin yadinki, ina kayan Auta? Ke da kika ce bakinki ba shi da linzami!

Yanzu na gane wanda ya tura buhunan nan ƙarƙashin gado, kuma na san kin sani. Yaron da yake gyara miki fanka, yake ɗaukar miki kaya zuwa shago, yake kiranki Mama tun bai iya ɗaura igiyar takalmi ba, shi kika miƙa. Na tsane ki, Gwaggo. Ban taɓa zaton zan rubuta wa ƙanwar ubana haka ba, amma na tsane ki.

Ki sani shaidar zur laifi ce mai zaman kanta, kuma ana ɗaure mutum a kanta komai tsufansa. Za mu ɗaukaka ƙara. Wasiƙarki da kika ce kwaɗon a lalace yake tana hannuna. Ina tafe ƙarshen mako, zan fara da ganin ƙanena, sannan in zo gare ki.

Ba na jin zan iya sa hannu da sunan ɗiyarki.

*

Zuwa ga Lauya,

Wa alaikumus salam, ko da yake ba ki yi sallamar ba. Lafiyata ƙalau tun da kin tambaya. Gwiwa ma ta yi sauƙi. Auta yana gaishe ki.

Na ga zaginki, na karanta shi a hankali. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba ni da lokacinta. Ranar da na fara rubuto miki ban san komai ba, da zuciya ɗaya na nemi taimakonki. Daga baya Auta ya same ni a shago, ya durƙusa yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce wasu ne suka ba shi dako, da ya gane ko mene ne sai tsoro ya kama shi ya tura a inda ya saba. Na mare shi har hannuna ya yi zafi. Ko a lokacin ban yanke komai ba. Na ce bari in ji ta bakin mai ilimi, ko akwai hanyar da duka biyun za su tsira.

Sai ga amsarki. Za su kira shi, za su duba motarsa, ki gaya masa ya shirya. A layi biyu kika gama da ɗana, kamar kina aikensa sayen kalanzir. Ba komai ba ne, in ji ki. Ke kin zaɓi naki, ba ki ko tsaya kin tambaya ba. To ni ma na zaɓi nawa. Ɗaya na haifa, kuma ba ki san abin da na sha kafin ya zauna ba. Dogo ina son sa, Allah Ya sani, amma ba ni na yi naƙudarsa ba.

Ki daina cewa na cuce ki. Ni ban san ana gina wa abokin gaba ƙara ba sai a wajenki. Ke kika jero su ɗaya, biyu, uku, har da gaya mini makin da kike ci. Ni dai hadda na yi, a shago, tsakanin mai saye da mai saye. Kwaɗon kuwa Auta ya sa.

Batun ɗaukaka ƙara, bismillah. Ki kai wasiƙata, ni ma in kai taki. Ba ke kaɗai kika san masu karatu ba. Na tambayi wani da ke sayen yadi a wajena, ban faɗi suna ba, na ce yaya ake yi da ɗalibar lauya da ta rubuta wa shaida kalmomin da aka ji a bakinta ranar zama, da rubutun hannunta? Ya kama baki. Ya ce ko da kyakkyawar niyya ta yi, sai ta yi da gaske kafin a bar ta ta sa rigar lauya. Kin fi ni sanin ko gaskiya ya faɗa. Shafin yana wurin da ba za a same shi ba, kuma wannan karon duk wanda ya zo sai ya nuna mini takardar alƙali.

Shekara uku ba mutuwa ba ce. Yaro ne, sana'arsa tana hannunsa. Zan riƙa kai masa abin da ya samu. Kayan aikinsa na haɗa su a kwali, in kin zo ki kwashe, don Auta zai koma ɗakin.

Kin ce za ki fara da ganin Dogo, shi ya sa na ga ya kamata ki ji wannan kafin ki ɓata kuɗin mota. Na je wajensa shekaranjiya. Na ɗauka zai zage ni, na ma shirya. Bai zage ni ba. Ya zauna, sannan ya ce, "Mama, abu ɗaya nake so in sani. Ke ba ki iya irin wannan maganar ba. Wa ya tsara miki ita?"

Na ce masa yayarka.

Ya ce ƙarya nake yi. Sai na karanto masa ukun nan da ka, yadda kika jera su, da abin da kika ce a kan lauyan da ya fi kowa a duniya. Ya san maganarki, ai tare kuka tashi. Sauran shafin bai tambaya ba, ni kuma ban ga dalilin tsawaita zance ba.

Ya miƙe ya ce wa gandiroba a mayar da shi ciki, lokacin ziyara ma bai ƙare ba. Ina bakin ƙofar fita gandiroban ya biyo ni da saƙo. Wai Dogo ya ce in 'yar'uwarsa ta zo, kada a kira shi.

Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa.

Gwaggonki